Idan Kai Ne Kocin 'Yarka: Horar da 'Yan Mata Wasan Sofbol Ba Tare da Karatunsu Ya Taɓu Ba

A Amurka, da zarar sanyi ya fara ja da baya a watan Fabrairu zuwa Maris, ƙungiyoyin wasa na unguwanni sukan shiga neman iyayen da za su horar da yara kyauta. Mutum ya je yi wa 'yarsa rajista, sai a ce masa ƙungiyarta ba ta da koci. Kafin ya ankara ya dawo gida da jakar ƙwallaye da takarda mai sunayen yara goma sha biyu. Wannan bayani na wanda abin ya faɗo a kansa ne, uba ko uwa.

Sofbol ƙanwar besbol ce, wasan buga ƙwallo da kulki, a birnin Shikago aka fara ta a 1887. Ma'anar sunan ita ce ƙwallo mai taushi, amma kada sunan ya ruɗe ka, tauri gare ta, ta ma fi ta besbol girma. Mutum tara ke tsaron fili, ɗaya ɓangaren kuma suna shiga bugu ɗaya bayan ɗaya. Babban bambancin shi ne mai jifa ba ta ɗaga hannu ta jefo daga sama. Wulwula hannun take yi, ta saki ƙwallon daga gefen cinya.

A fara da awo, domin nan sababbin kociyoyi ke fara ɓata aiki. 'Yan shekara goma zuwa ƙasa suna wasa da ƙwallo mai kewayen inci 11, mai jifa kuma tana tsayawa ƙafa 35 daga wurin bugu. 'Yan shekara goma sha biyu, inci 12 da ƙafa 40. Daga sha huɗu zuwa sama, ƙafa 43. Tsakanin tasha da tasha, waɗanda ake kira bes, wato wuraren da mai bugu ke gudu tana takawa bayan ta buga, ƙafa 60 ne. Ka sayi igiyar awo ka bar ta a jaka. Yarinyar da ta yi wata guda tana koyon jifa a tazarar da aka kimanta da ido, ranar wasa ƙwallonta ko dai ta faɗi ƙasa kafin ta isa, ko ta wuce kan mai cafewa, kuma ba laifinta ba ne.

Kulkin bugu ma haka. Iyaye na son sayen babba wai don ta girma da shi, kamar kayan sallah. Kulki mai nauyi yana sa kansa ya sunkuya lokacin bugu, yarinya ta riƙa makara, ta ɗauko lanƙwasar jikin da za a sha wuyar raba ta da ita. Gwajin mai sauƙi ne: ta riƙe shi da hannu ɗaya, ta miƙe hannun gefe. Idan kafin daƙiƙa ashirin hannun ya fara rawa, ya yi mata nauyi. A duba kuma ko yana ɗauke da tambarin da gasar ta amince da shi, domin alƙalin wasa na iya hana amfani da shi. Hular kwano mai ƙarfen kare fuska dole ce ga mai bugu. Mai jifa da masu tsaron tasha ta ɗaya da ta uku su sa takunkumin fuska na ƙarfe, su ne ƙwallo ke iskewa kafin su ƙifta ido. Mai sa hijabi ta nemi na wasanni, mai miƙewa, marar fil ko allura, wanda hular za ta zauna a kansa daram, sannan a yi maganar da shugabannin gasar tun kafin wasan farko.

Kai ma akwai takardunka. Ƙungiyar Little League mai shirya gasannin yara, wadda ta buɗe sashen sofbol a 1974, ba ta barin mai aikin sa-kai ya shiga fili sai an binciki tarihinsa. Akwai kuma darasin gane alamun girgizar ƙwaƙwalwa da hukumar CDC, mai yaƙi da cututtuka a Amurka, ke bayarwa kyauta a intanet. Yarinyar da ƙwallo ta buga a kai, tana jin jiri ko ciwon kai, ta gama wasa ranar nan, sai likita ya gan ta. Idan an ji tsawa, kowa ya shiga mota ko gini, a jira minti talatin daga tsawar ƙarshe.

Yanzu atisaye. Awa ɗaya da rabi ta isa, sau biyu a mako. Abin da ke kashe atisayen yara shi ne layi: koci yana jefa wa yarinya ɗaya ƙwallo, goma sha ɗaya na tsaye suna zane da takalmi a ƙasa. Ka nemi iyaye biyu su taimaka, ka kasa yaran uku, huɗu-huɗu. Minti goma na ɗumama jiki, sha biyar na jifa da cafewa bibbiyu. Sai rukuni uku, minti goma sha biyu kowanne, ana juyawa: masu bugu daga kan sandar ɗora ƙwallo zuwa cikin raga, masu tare ƙwallon da ke gangarowa a ƙasa, masu cafe ta sama. Minti ashirin a yi kwaikwayon wasa, kana tambayarsu kafin kowane bugu: in ta zo gare ki, ina za ki jefa? Ragowar na shan ruwa ne da tseren tashoshi.

A cikin duka, minti sha biyar ɗin nan na jifa da cafewa ya fi komai daraja, domin wasan ƙananan yara a kan ƙwallon da ta suɓuce ake cin sa. Ga yadda ake son yarinya ta kasance wajen jifa. Yatsunta uku suna kan ɗinkin ƙwallon, akwai ɗan fili tsakanin ƙwallon da tafin hannu, gwiwar hannun tana daidai da kafaɗa, ƙafar da ke gefen safar hannu ce ta taka gaba. Idan gwiwar ta sauka, sai ta koma tura ƙwallon kamar mai ture ƙofa, ba ƙarfi, ba saiti. A wajen cafewa kuwa, ƙwallon da ta zo sama da cibiya yatsun safar suna kallon sama, wadda ta zo ƙasa da cibiya suna kallon ƙasa. Yawancin fashewar leɓe daga juya wannan ne: safa a buɗe kamar mai roƙon ruwa, ƙwallo ta zame ta hau fuska.

Za ka ji ana cewa jifan sofbol ba ya gajiyar da kafaɗa, don haka yarinya ɗaya za ta iya jefa wasa uku a rana. Kada ka yarda. Jijiyar gaban kafaɗa tana shan aiki a wulwulawar nan, kuma ciwon a hankali yake shigowa. Ka horar da masu jifa uku ko huɗu, ko da biyu daga cikinsu har yanzu suna jefa wa katanga.

To, sai maganar 'yarka. Amurkawa har suna gare su ga kocin da ke fifita ɗansa, suna kiran abin "ƙwallon baba". Iyayen da ke zaune a benci suna ƙirga komai: sau nawa ta yi bugun farko, sau nawa ta zauna. Wasu kociyoyin kuma, don gudun zargi, sai su koma ɗaya gefen, su riƙa yi wa tasu tsawar da ba za su yi wa 'yar wani ba. Wannan ya fi muni, domin ita kaɗai ce ke komawa gida tare da koci. Maganin duka biyu takarda ce. Kafin kowane wasa ka zana jadawali: sunaye a gefe, zagayen wasa a sama, wurin da kowace za ta tsaya a kowane zagaye. Babu mai zama sau biyu kafin kowa ya zauna sau ɗaya. Ka manna shi inda iyaye za su gani. Sannan ku yi musaya da mataimakinka, shi ya riƙa gyara wa taka, kai kana gyara wa tasa. Magana ɗaya ce, amma daga bakin wani darasi ce, daga bakin Baba faɗa ne. A mota kuwa, kada ka buɗe zancen wasa sai in ita ta buɗe.

Karatu kuma da kalandar makaranta ake fara shi, kafin a zaɓi ranakun atisaye. Kakar bazara tana karo da jarrabawar jiha da ake yi a yawancin makarantu tsakanin Afrilu da Mayu. Ka karɓi ranakun daga iyaye tun taron farko, ka rage atisayen makon zuwa ɗaya, na minti arba'in da biyar. Ga iyalan da 'ya'yansu ke zuwa Islamiyya Asabar da Lahadi, kamar yadda ake yi a unguwanni irin su Bronx a birnin New York, a faɗi wannan ma tun farko, domin wasannin safiyar Asabar suna cin lokacin.

Yi lissafin barci da kanka. Likitocin barci na Amurka sun ce 'yan shekara 6 zuwa 12 na buƙatar awa 9 zuwa 12. Yarinyar da ke tashi shida da rabi ta kama motar makaranta, ƙarfe tara da rabi ya kamata a ce ta yi barci, a mafi ƙaranci. In ka tashi atisaye ƙarfe takwas, ga hanya, ga wanka, ga abinci, yaushe za ta yi aikin gida? Saboda haka aikin gida kafin atisaye, atisaye kuma ya ƙare ƙarfe bakwai, ko da ana tsakiyar abu mai daɗi. Akwai wani ma'auni da masu kula da lafiyar 'yan wasa ke bayarwa: awannin wasa a mako kada su wuce shekarun yaro, kuma a bar kwana biyu babu wasa. Wannan ya haɗa da ninƙaya ko ƙwallon kwando da take zuwa a wani wuri, don haka sai ka tambaya.

Wadda ta yi fashin atisaye saboda aikin makaranta, kada a zaunar da ita ranar wasa, muddin an sanar da kai tun da wuri. In ka hukunta ta sau ɗaya, gaba za ta ɓoye aikin ne ta zo. Kuma ba hurumin koci ba ne ya nemi ganin sakamakon yara, wannan tsakaninsu da iyayensu ne. Abin da za ka gaya wa iyaye shi ne, duk wanda ya ga makin 'yarsa na sauka ya ɗauke ta mako ɗaya ko biyu, gurbinta na nan.

Gara su saba tun yanzu, domin gaba doka ce. A jihar Tekzas tun 1984, ɗalibin da ya samu ƙasa da maki 70 a wani darasi ana dakatar da shi daga shiga gasa. Mai burin buga wa jami'a a babban rukunin hukumar NCAA mai kula da wasannin jami'o'i kuwa sai ta kammala manyan darussa 16 a sakandare da matsakaicin maki 2.3 a kan 4, komai ƙarfin hannunta.

Inda lissafin ya fi rushewa shi ne gasannin ƙarshen mako na ƙungiyoyin tafiye-tafiye, inda ake buga wasa huɗu ko biyar daga safiyar Asabar zuwa yammacin Lahadi, wani lokaci a wata jiha. Kada a yaudari kai cewa za a yi karatu a mota ko a ƙarƙashin rumfa tsakanin wasa da wasa. Littafin zai je ya dawo ba a buɗe shi ba. Duk aikin da za a miƙa ranar Litinin a gama shi daren Alhamis, abin da ya rage a ƙarasa Juma'a kafin a loda jakunkuna. Ga 'yan ƙasa da shekara goma sha biyu, irin wannan gasa biyu a wata ta isa, kuma kada ɗaya ta faɗo a makon da ake shiga jarrabawa.