Amsoshin Tambayoyinku: Masu Sauya Kwanon Fitilar Babur

Mai gabatarwa: Jama'a, barkanmu da war haka. Lokaci ya ƙure mana yau, sai mu faɗa cikin wasiƙun kai tsaye. Baƙonmu bakaniken babura ne a nan Birnin Kebbi. Malam, sannu da zuwa.

Baƙo: Yawwa, sannu kadai.

Mai gabatarwa: Wani matashi daga Yauri ya ce ya sayi dogon babur mai gajeriyar kujera, mai siffar Harley-Davidson na Amurka. Yana son ya cire kwanon fitilar ya sa mai ƙyalli, yana tambayar ko kowanne zai shiga. Samari ke nan, sai ado! A'a ƙanena. Na irin waɗannan babura yawanci inci 7 ne ko inci 5.75. Kwance tsohon ka tafi da shi kasuwa, a gwada a gabanka.

Wani daga Jega ya ce ya sa ƙwan LED, wato sabon ƙwan fitila mai farin haske, amma ƙwan sai ƙifta ido yake yi. Malam?

Baƙo: To, ka san lokacin da muke koyon aiki babu wannan. Maigidana ko waya ɗaya ka yanke ba da izini ba, ranar sai ka yini kana wankin sifana. Yanzu yaro zai yanke, ya murɗa, ya naɗe da leda...

Mai gabatarwa: Malam, ƙiftawar fa?

Baƙo: Af! Ƙananan babura da yawa fitilarsu daga koyil, wato abin da ke samar da wuta in inji na aiki, take shan wuta kai tsaye, shi kuwa LED wutar batir yake so. A ja masa waya daga batir, a sa fis.

Mai gabatarwa: Madalla. Yanzu ga wadda ta fi damun mutane. Wasiƙu daga Argungu, Zuru da Koko, kukansu ɗaya: farar fitilar nan tana kashe ido. Wani ɗan kabu-kabu ya rubuta cewa wani ya haske shi da daddare a hanyar Argungu, bai ga amalanke ba sai da ya kusa taɓa ƙahon bijimin da ke ja. Ni kaina wannan abu yana ci mini tuwo a ƙwarya. Haba jama'a!

Baƙo: Madubin da ke cikin kwanon an ƙera shi ne daidai da zaren tsohon ƙwai. Ka sa wani iri, haske ya watse, ya tashi sama. Wani kuma sabon kwanon ne ya ɗaura a ɗage.

Mai gabatarwa: Ya za a saita?

Baƙo: Da dare ka sami bango a fili mai lebur. Ja baya kamar mita 7 da rabi. Auna tsayin tsakiyar fitilar daga ƙasa, ka sa alama da gawayi a bangon. Hau babur ka zauna, ka kunna dim. Saman hasken ya tsaya ƙasa da alamar da kamar santimita 5.

Mai gabatarwa: Bari in maimaita. Mita 7 da rabi. Alamar gawayi daidai tsayin fitila. Kana zaune a kai, don nauyinka yana ɗaga gaban babur. Dim, ba ful ba. Haske ƙasa da alama, kamar faɗin yatsu uku. In ya haura, sassauta noti ka sunkuyar da kwanon, sannan ka ɗaure tamau.

Wata baiwar Allah daga Bunza ta ce ruwa na taruwa a gilashin fitilar maigidanta tun damina. Hajiya, robar bakin kwanon ce ta saki, a sauya ta. Sauran wasiƙun sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.