Goga Yalo a Gaban Riga Ba Wanki Ba Ne

[Hoto: hannu ya ɗauki yalo daga faranti, ya goga shi a gaban riga]

Assalamu alaikum jama'a. Abin da hannun nan ya yi, da wuya a samu wanda bai taɓa yin sa ba a cikinmu. Ka tsayar da mai yalo, ka zaɓi wanda ya fi sheƙi, ka goga shi sau biyu a gaban riga, ka yi bismillah, ka kai baki. Wani ma iska kawai zai hura masa, shi ke nan.

To shin dole ne sai an wanke kayan lambu da 'ya'yan itatuwa kafin a ci? E, dole ne. Amma abin da ya fi damuna ba waɗanda ba sa wankewa ba ne kaɗai. Akwai gidaje da yawa da ake wankewa kullum, sai dai irin wankin da ake yi ƙasa kawai yake fitarwa, cutar tana nan daram.

Bari mu bi ganyen latas tun daga inda ya fito.

[Hoto: lambun rani a bakin rafi, injin ban ruwa yana aiki]

Duk wanda ya san Kano ya san Jakara. Ruwan da ya ratso cikin birni ne, ya kwaso kwatar gidaje da ta kasuwanni, can gaba ya haɗu da rafin Getsi mai ɗauko ruwan masana'antun Bompai. Idan rani ya yi, je ka bakin ruwan nan ka gani: latas ne kore shar, alayyafo, kabeji, karas, duk da wannan ruwan ake ba su. Haka abin yake a bakin Kubanni a Zariya, haka yake a kwarin Gunti Yena a Yamai. Ni ban ga laifin manomin ba. Bawan Allah yana neman abin da zai ciyar da iyalinsa, kuma ruwan da ya samu ke nan a watan da ko ɗigo ba ya sauka daga sama. Sai dai shi latas a kwance yake da ƙasa, ruwan a kansa ake zubawa, kuma ɗanye za mu ci shi.

Ga kuma taki. Kashin kaji da na shanu albarka ne ga gona, amma idan bai gama ruɓewa ba aka watsa shi, ƙwayoyin cutar da ke cikinsa suna nan da ransu. Balle inda mutane ke zagayawa a fili, ruwan sama ya wanko ya shigo da shi cikin lambu.

Daga nan sai kwando, sai bayan mota, sai shimfiɗa a kasuwa. Tsaya ka kalli kashin tumatir guda ɗaya na minti goma. Wannan ta zo ta latsa ta ajiye, wancan ya ɗaga ya juya ya ce ya yi tsada. Mai kayan ya karɓi kuɗi, ya ba da canji, ya share gumi, ya sake jera su. Ƙuda ya tashi daga kwata ya sauka. Sa'annan ga bokitin yayyafi, wanda tun safe ake tsoma hannu a ciki ana watsa wa ganye don kada ya yi yaushi. Sheƙin da ya ja hankalinka har ka saya, sau da yawa daga wannan bokitin ya fito.

Me ke manne a jikin ganyen? Ƙwayoyin da ke kawo kwalara, da taifod, da atini, da ciwon hanta nau'in A, duk hanyarsu ɗaya ce: daga bayan gidan wani zuwa bakin wani. Magana ce mara daɗin ji, amma haka take. Sai ƙwan tsutsar ciki. Macen tsutsar nan doguwa da yara ke kasayarwa tana iya zuba ƙwai har 200,000 a rana ɗaya. Ido ba ya ganin ƙwan, yana da danƙo, yana manne wa ganye, kuma yana iya shekaru a cikin ƙasa bai mutu ba. Yaron da kullum yake ci amma ba ya ƙiba, cikinsa ya yi tulele, sau tari a nan matsalar take.

A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙiyasin cewa duk shekara mutum miliyan 600 ne ke kamuwa da rashin lafiya saboda gurɓataccen abinci, 420,000 su rasu, kuma 125,000 daga cikin mamatan yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Nahiyarmu ta Afirka ce ta fi ɗaukar nauyin, idan aka auna da yawan jama'a. Lissafin ya haɗa da nama da madara da sauran abinci, ba kayan lambu kaɗai ba. Bambancin shi ne, nama yana bi ta wuta. Latas da gurji da yankakkiyar albasar da ake barbaɗa wa tsire ba sa bi.

Na san abin da wani zai ce: iyayenmu da kakanninmu sun ci haka, me ya same su? Abin da ya same su, ba a ba shi sunansa ba ne kawai. Yara nawa aka rasa da gudawa aka ce haƙori ne? Nawa aka ce shawara ce, ko iska? Kuma garuruwanmu na yanzu ba su ne na shekara sittin baya ba. Mutane sun ninka, kwata ta ninka, maganin feshi ya shigo. Wani kuma zai ce ai na yi bismillah. Madalla, kada ka daina. Amma wanda ya koya mana bismillah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shi ne ya ce wa mai raƙumi ya ɗaure shi tukuna sa'annan ya dogara ga Allah.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar: ruwan wankin kansa.

Mun taso da sanin cewa ruwa idan launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙanshinsa bai canza ba, ya halatta a yi alwala da shi. Wannan hukuncin ibada ne, kuma yana nan a matsayinsa. Amma ruwa yana iya zama garai-garai, ba wari ba launi, alhali yana ɗauke da kwalara. A 2021 Najeriya ta ga sama da mutum 100,000 da ake zargin sun kamu da ita, sama da 3,000 suka rasu, kuma jihohin Bauchi da Jigawa da Kano na cikin waɗanda abin ya fi shafa. Saboda haka ka'idar mai sauƙi ce: ruwan da ba za ka iya sha ba, kada ka yi ɗaurayar ƙarshe da shi ga abin da za ka ci ɗanye. Idan kana shakkar rijiyarku ko jarkar mai garuwa, tafasa ruwan ya huce, ko a sa masa maganin tsaftace ruwan sha.

[Hoto: robobi uku a jere a tsakar gida]

Mahaifiyata, Allah Ya saka mata da alheri, da roba uku take wanke ganye. Za ta fara wanke hannunta da sabulu. Sai ta ɓare latas ɗin ganye-ganye, ta zubar da na wajen da suka sha ƙasa. Ta zuba a roba ta farko, ta riƙa juya shi tana murza gindin kowane ganye da babban yatsa, don a wannan lungun ƙasa ke maƙalewa. Abin da ya fi muhimmanci shi ne yadda take fitar da shi. Ba ta taɓa karkata roba ta tsiyaye ruwan ganyen yana ciki. Tsame ganyen take yi da hannu biyu ta mayar roba ta gaba, ta bar ruwan a baya. Sai ta kira ni ta ce, "Zo ka gani." A gindin robar ga yashi kwance, ga baƙin laka, wani lokaci har da 'yar tsutsa tana motsi. Idan ka tsiyaye ruwan ta kan ganyen, duk wannan ka mayar masa. Sai ruwa na uku ya fito fes take yarda, kuma sai bayan nan wuƙa ke taɓa shi. Yanka ganye kafin a wanke yana buɗe wa datti ƙofa, kuma wani ɓangare na amfaninsa yana bin ruwa.

Wanda ke da famfo, aikinsa ya zo da sauƙi: ruwa yana zuba, hannu yana murzawa. Wanda ba shi da shi, wani ya riƙe buta ko moɗa yana zuba masa. Abin nema shi ne ruwan ya wuce ya tafi da dattin. Tsoma mangwaro goma a roba ɗaya, raba dattin ɗaya ne ga sauran tara.

Masu tauri irin su karas, gurji, gwaiba da dankali, a dirje su da soso mai tsafta wanda aka ware don wannan aikin kaɗai. Tumatir kuma yana da wani hali: idan ya sha rana ya yi zafi ka jefa shi cikin ruwan sanyi ka bar shi, yana iya zuƙar ruwan ta wajen hancinsa, inda aka tsinke shi. Bar shi ya huce, ka wanke shi a ruwa mai zuba.

To kankana fa, da abarba, da gwanda, da lemu, tunda ba a cin ɓawonsu? Su ma a wanke. Wuƙa tana fara taɓa ɓawo ne kafin ta shiga ciki, duk abin da ta kwasa a waje za ta shafa shi a tsokar da za ka ci. A 2011 a Amurka, wani dangin kankana mai kaushin ɓawo da ya fito daga wata gona a jihar Kolorado ya ɗauko ƙwayar cutar Listeriya. Mutum 147 suka kamu, 33 suka rasu. Ku tuna da wannan lokacin azumi, sa'ar da ake yanka kankana da gaggawa ana jiran kiran sallah. Dabino da aya ma a ɗauraye su, sun sha ƙura da hannaye a kan baro.

Kada a sa sabulu ko omo. Jikin 'ya'yan itace yana shan su, ɗauraya ba ta fitar da su duka, ka gudu daga wata cuta ka faɗa ciwon ciki. Gishiri fa? Ɗan barbaɗen da muke yi yana sa tsutsa da ƙwari su saki ganye, amma ba ya kashe ƙwayoyin cuta yadda ake zato. Ruwan khal, wato binega, ya fi shi aiki: kashi ɗaya na khal, kashi uku na ruwa, a jiƙa kamar minti goma, a ɗauraye. A Nijar mata da yawa suna ɗiga jabel, wato ruwan bilic, ko su sa garin nan da ke mayar da ruwa shuɗi-shuɗi mai ja. Suna aiki, amma da awon da ma'aikatan lafiya suka faɗa, jabel ɗin ya zama mara turare, a kuma ɗauraye da ruwan sha. Duk cikinsu babu wanda ke maye gurbin murzawa da hannu. Kuma a bari sai za a ci a wanke, don danshi yana saurin ruɓar da kaya a ajiye.

Gaskiyar da ya kamata in faɗa muku ita ce, wanki yana rage cuta ƙwarai, amma ba ya kawar da ita gaba ɗaya. A 2011 ɗin dai, a Jamus, kusan mutum 4,000 suka kwanta, sama da 50 suka mutu. Da farko an ɗora laifin a kan kokwambar Sifaniya, daga baya aka gano tsiron hulba ne da suke ci ɗanye, wanda aka shigo da irinsa daga Masar. Ƙwayar tun a jikin irin take, ta girma tare da tsiron, babu ruwan da zai raba su.

Haka batun maganin feshi. Tun bayan da tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna a 2016, feshi ya zama abin da mai tumatir ba ya wasa da shi. A jikin kowace kwalba an rubuta kwanakin da za a jira tsakanin feshi da tsinka, kuma wannan amana ce a wuyan manomi. Wanki yana rage wanda ya tsaya a saman fata. Wanda ya ratsa cikin tsiron kuwa, ruwa ba ya kai masa. Ga kuma kabayid da wasu ke nunar da ayaba da mangwaro da shi, wanda hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi a kansa. Idan ka ga farin gari a jikin ɓawo, ko waje ya yi ruwan ɗorawa ciki kuma ɗanye, bar shi.

Shi ya sa nake roƙon mai juna biyu, da uwar ƙaramin yaro, da mai kula da tsoho ko mara lafiya: ɗanyen salak ɗin da ba a gabanku aka wanke ba, ku haƙura da shi. Idan aka ce kwalara ta ɓulla a unguwa, kowa ma ya koma ga dafaffe da abin da zai ɓare da hannunsa, kamar ayaba da lemu. Kwaɗon zogale da na rama ganyensu ya sha wuta, amma tumatir da albasar da ake yankawa a kai ɗanyu ne, su ne abin lura. A wajen mai tsire, ba abin kunya ba ne ka ce, "Malam, bar albasar, zan yanka a gida."

[Hoto: hannun farko ya dawo, riƙe da yalo da ruwan leda]

Idan kuma a hanya yalon ya same ka, ranka ya biya, sayi ruwan leda guda. Fara zuba wa hannunka. Cire hular da ke kan yalon, don a ƙarƙashinta ƙasa ke taruwa. Sai ka riƙa matsa ledar a hankali, ruwan yana zuba yana sauka ƙasa, kana juya yalon kana murza shi da yatsa ta ko'ina har ka ji santsin ƙurar ya tafi. Rabin leda ya ishi yalo biyu, sauran ka sha.