Me ya sa ka je gandun bakin teku ba ka ga komai ba sai laka?

Duk lokacin da aka yaɗa bidiyon dubban tsuntsaye suna tashi lokaci guda a wani dausayi na bakin teku, akan samu masu cewa an haɗa hoton ne da kwamfuta, domin su sun je irin wannan wuri da ƙafarsu, ba su ga komai ba sai laka da iska. Ba ƙarya suka yi ba, kuma mai bidiyon ma bai yi ƙarya ba. Abin da ya raba su shi ne sa'ar da kowannensu ya isa wurin.

Sauran shirin tafiya ba shi da wuya: takalmin da ba ka jin tausayinsa, tufafi marasa ɗaukar ido, madubin hangen nesa, da bin hanyar da masu kula da gandun suka shata. Mu wuce wannan.

Ku kwatanta irin wannan fili na bakin teku a ranku. A mafi yawan gaɓar tekun duniya, ruwa yakan ciko ya kuma janye sau biyu a cikin kimanin sa'o'i 24 da minti 50, kuma jan da wata ke yi wa ruwan teku ne babban dalilin haka. Idan ruwa ya janye, sai ya bar shimfiɗar laka cike da tsutsotsi da ƙananan ƙaguwa da katantanwa, wato abincin tsuntsaye masu dogayen ƙafafu da dogon baki. A nan ne baƙo yake yin lissafin da ya yi kama da gaskiya, ya ce tunda tsuntsaye suna kiwo ne idan ruwa ya janye, to lokacin ya kamata ya je. Tabbas suna kiwo, amma suna bin bakin ruwan ne inda lakar take da taushi, kuma a wuri mai shimfiɗa irin Tekun Wadden, wanda ya ratsa gaɓar Holan da Jamus da Denmak, bakin ruwan yana iya nisanta da kai da kilomitoci. Ɗigo-ɗigon da za ka hango can nesa, su ne tsuntsayen da aka zo kallo.

Yanzu ga wuri ɗaya, ba ka motsa ba, sai dai ruwa ya fara dawowa. Ku lura da yadda yake cinye lakar sannu a hankali, yana koro tsuntsayen zuwa gaɓa kamar makiyayin da ke tattaro garke da yamma. Ƙanana ne suke fara matsowa, domin ƙafafunsu gajeru ne, zalɓe kuwa yana tsaye abinsa har ruwa ya kusa kai masa ciki. Saboda haka lokacin da ya fi dacewa ka zauna a rumfar kallo shi ne kimanin sa'o'i biyu kafin cikar ruwa, ka bar teku ta kawo maka su har gabanka.

Akwai kuma wani abu na biyu da ke ɓoye cikin na farko. Ba kowace cikar ruwa ce take shafe lakar gaba ɗaya ba. Ruwa ya fi cikowa a kwanakin tsayuwar sabon wata da kuma lokacin da wata ya cika, domin a sannan jan rana da na wata suna haɗuwa a layi ɗaya. A tsakaninsu, lokacin da wata yake rabi, cikar takan yi rauni ta bar tsibiran laka can nesa, tsuntsaye su yi zamansu a kai, kai kuma ka koma gida da hoton sararin sama. Wanda ya saba ƙidayar kwanakin wata ya riga ya sami rabin wannan ilimi, ragowar kuma yana cikin jadawalin cikar ruwa na ainihin wurin da za ka, wanda ake samu a intanet ko a ofishin gandun. Kada ka dogara da na jiya, domin lokacin yana jinkirta da kusan minti 50 a kowace rana.

A ganina, minti goma na ƙarshe kafin lakar ta nutse sun fi duk sauran yinin daraja. Idan kun je, ku kalla kawai.

Wani gargaɗi ya zama dole a nan. Tsuntsayen da suka taru a busasshen wuri lokacin cikar ruwa hutawa suke yi, kuma da yawansu matafiya ne. Gandun Banc d'Arguin na Muritaniya, wanda aka kafa a 1976, yana karɓar irinsu daga Turai da Sibiriya a kowace shekara, kuma a 2022 an bi sawun wani tsuntsu mai suna godwit da ya tashi daga Alaska zuwa Tasmaniya, fiye da kilomita 13,000, cikin kwana 11 ba tare da sauka ba. Kitsen jikinsu shi ne man tafiyarsu, don haka wanda ya matsa ya tashe su domin ya sami hoto mai kyau ya ƙona musu guzuri ne a banza. Kada kuma ka taka cikin lakar don ka rage nisa, domin ruwa mai dawowa yakan fara cika ƙananan magudanai da ke bayanka tun kafin ka ga ya iso gabanka.