Ka iya wuni ba sigari a azumi, me ya sa bari ya gagara?

Jama'a, tun bayan Sallah tambaya ɗaya ke ta yawo. Mutum ya yi wata guda, daga asuba har magariba bai kunna ko kara ɗaya ba, to me ya hana shi bari gaba ɗaya? Wasu na cewa rashin niyya ne. Ni dai ban yarda ba.

[Hannu na raba takarda gida huɗu]

Ga wata dabara da masu taimaka wa 'yan shaye-shaye ke amfani da ita. Gida huɗu: illar sha, amfanin bari, amfanin sha, wahalar bari. Biyun farko kowa gwani ne. Tari, kuɗi, faɗan uwargida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce minti 20 da barin taba bugun zuciya zai fara sauka, bayan shekara ɗaya kuma haɗarin ciwon zuciya ya ragu da kusan rabi. Madalla. Mu wuce.

[Alƙalami ya tsaya a gida na uku]

Nan ne ake tafka kuskuren. Gidan "amfanin sha" mutane ke bari fayau, wai ai taba ba ta da amfani. Malam, da ba ta yi maka komai, da ba ka fita nemanta ƙarfe 11 na dare ba. Rubuta gaskiya, ba mai duba takardar nan sai kai. Kuma kada ka rubuta "tana rage min damuwa" ka tsaya. Sa lokaci, sa wuri. Bayan tuwon dare. A bencin mai shayi, idan aboki ya miƙo ashana. Bayan oga ya gama yi maka faɗa.

Sai a zo a ƙirga: illoli goma, amfani biyu, shi ke nan na ci. Wannan ba ƙuri'a ba ce. Ciwon huhu yana can shekaru gaba, karan kuwa yana aljihu, kuma nikotin, sinadarin da ke sa taba ta kama jiki, cikin daƙiƙoƙi yake isa ƙwaƙwalwa. Layi biyun nan sun fi goman kusa da hannunka.

To azumi fa? Azumi kwashe maka cikas ya yi da rana: ba shayi, ba abinci, ba mai busa hayaƙi a gefenka, kuma ka san da an sha ruwa za ka kunna. Jiki bai taɓa yin cikakken kwana ɗaya ba nikotin ba. Wahalar gaske kan kai ƙololuwa a kwana na 2 zuwa na 3 da barin taba, da ƙunci da rashin barci, sannan ta lafa cikin makonni.

[Teburin mai kayan masarufi a bakin layi]

Dokar taba ta Najeriya ta 2015 ta hana sayar da kara ɗai-ɗai. Hmm. Ku dai kalli teburin nan na bakin layi, ga kara ɗai-ɗai ana sayarwa. Wannan ma ka sa shi a gida na huɗu.

Yanzu kowane layi a ba shi amsarsa. Bayan tuwo, tashi ka wanke baki ka taka. Bencin mai shayi, ka ba shi hutu na ɗan lokaci. Ƙwaɗayin yakan wuce cikin 'yan mintuna, sha ruwa ka jira. In jiki ya matsa, tambayi likita game da cingam ɗin nikotin.