Amsoshin Tambayoyinku: Zama da zoben tumbi bayan tiyatar rage ƙiba

Mai gabatarwa: Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da war haka, barkanmu da sake saduwa daga nan Kaduna. Saƙonnin da suka taru mana a wannan mako yawancinsu kan aikin rage ƙiba ne, irin wanda ake sa wa mutum zobe a tumbi. Mun gayyato likitan tiyata don ya warware mana zare da abawa. Likita, barka da zuwa.

Likita: Yawwa, barka kadai Malama. Ina gaida masu sauraro.

Mai gabatarwa: To ga saƙon farko, daga wani magidanci a Unguwar Rimi. Ya ce: "Maiɗakina tana fama da ƙiba da ciwon suga, an ba mu shawarar a sa mata zobe. Shin yanke mata tumbi za a yi? Kuma wane ne ya cancanci wannan aiki?"

Likita: A'a, a aikin zobe ba a yanke komai. Ana yin ƙananan huji a ciki, a shiga da kyamara, a naɗa wani zobe na roba mai laushi a can saman tumbi. Abin da ya rage a sama ɗan aljihu ne da bai wuce cin babban cokali 2 ba. Daga jikin zoben akwai siririn bututu da ya taho ya haɗe da wani ɗan faifai da ake binnewa ƙarƙashin fatar ciki. Ta wannan faifan likita ke sa allura ya ƙara ruwan gishiri zoben ya matse, ko ya zuƙe ruwan ya saki. Wani likita ɗan asalin Habasha, Mitiku Belachew, yana cikin waɗanda suka fara sa shi ta hanyar ƙananan huji a ƙasar Beljiyam a 1993, sannan hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da samfurin zoben da ake kira Lap-Band a 2001.

Maganar cancanta kuwa, akwai ma'aunin da muke kira BMI. Ka ɗauki nauyin mutum a kilo, ka raba da tsawonsa a mita, ka sake rabawa da tsawon. Mai kilo 120 da tsawon mita 1.65 zai tashi da 44. Ƙa'idar da aka daɗe a kanta ita ce 40 zuwa sama, ko 35 in akwai ciwon suga ko hawan jini. A 2022 manyan ƙungiyoyin likitocin fannin sun sassauto da ita ƙasa. Amma lissafi kaɗai ba ya kai mutum ɗakin tiyata, sai an zauna da shi an ga yadda yake ci, da ko zai iya riƙa dawowa asibiti.

Mai gabatarwa: Madalla. Wannan kuma wata baiwar Allah ce daga Tudun Wada, ta roƙi a sakaya sunanta. Ta ce a Indiya aka yi mata aikin, an kuma ƙara mata ruwa a zoben kafin ta dawo gida. Ta ce: "Duk ranar da na ci tuwo sai ya tsaya mini a ƙirji, yawu ya yi ta zuba, sai na yi amai nake samun sauƙi. Surukata ta ce ai aikin ne ke aiki. Da dare kuma tari ke tashina da wani ruwa mai ɗaci a maƙogwaro."

Likita: Hajiya, sannu, Allah ya ba da lafiya. Ki gaida Mama, amma a wannan kam ba ta yi daidai ba. Amai ba alamar nasara ba ce. Wanda zobensa ya zauna daidai yana cin ɗan abinci, ya ji ya ƙoshi, ya yi sa'o'i bai ji yunwa ba, kuma babu amai. In amai ya zama na kullum, to ɗayan biyu ne: ko yanayin cin ne, ko zoben ya matse fiye da kima.

Bari in fara da cin. Mu duba yadda muke cin tuwo tun muna yara. Ka gutsuro loma, ka mulmula ta a tafin hannu, ka danna mata babban yatsa, ka kwaso miyar kuka ko ta kuɓewa, ka jefa, ta zarce. Haƙori bai taɓa ta ba. Wanda ma ya tsaya tauna tuwo dariya ake yi masa. To wannan lomar, da santsin miya ya saba raka ta har ƙasa, yanzu tana isa ta tarar da ƙofa ƙarama. Sai ta tsaya. Maƙoshi ya yi ta matsawa, jiki ya yi ta kawo yawu mai kauri don ya tura ta, ƙirji ya ɗaure kamar an dafe shi. Abin da take ji ke nan.

Mai gabatarwa: Ke nan ta yi sallama da tuwo, Likita? Ai wannan hukunci ne mai tsanani ga Bahaushiya.

Likita: Ba lalle ba. Ta sa a tuƙa mata shi da laushi, ta ajiye hannu ta ɗauki ƙaramin cokalin shayi. Abin da cokalin ya ɗauka shi ne lomarta. Ta tauna kamar sau 20 har ya narke, ta haɗiye, ta ajiye cokalin, ta jira kamar minti 1 kafin ta sake ɗauka. Wucewar kowace loma ta cikin zoben ita ke taɓa jijiyoyin da ke gaya wa ƙwaƙwalwa an ƙoshi, shi ya sa gaggawa ke ɓata aikin. Bayan minti 20 ta tsame hannu, ko da saura a faranti. Kuma ta fara da abin gina jiki, kifi ko ƙwai ko wake ko naman da ya dahu luguf, sannan ganye, tuwo ya zo a ƙarshe. In abu ya tsaya, kada ta kora da ruwa, ruwan zai taru a kansa ne ya dawo. Ta miƙe ta ɗan zaga. Ruwa kuwa ta sha kafin cin abinci, bayan ta gama ta jinkirta kamar minti 30.

Na san abin da ke da wuya a nan. Gidan biki ne, ko suna, an zuba a tire ɗaya, kowa na miƙa hannu, ke kina tauna kamar mai ciwon haƙori, ga mai cewa "ci mana, ko baƙunta kike yi?" Ki ɗebi naki a ɗan faranti ki koma gefe. Kilishi, tsire da ya bushe, ganda, burodi mai laushi da ke dunƙulewa, zaren lemo da na mangwaro, su ne suka fi maƙalewa.

Amma abin da ya fi tayar mini da hankali a wasiƙarta shi ne tarin dare da ruwa mai ɗaci. Wannan yana nuna abinci na kwana a saman zoben yana dawowa in ta kwanta, kuma yana iya faɗawa huhu ya jawo ciwon huhu. Yawanci zoben ne ya matse, wani lokaci kuma tumbin ne ya zamo ya turo ta saman zoben, abin da yawan amai ke haddasawa. Tana bukatar a duba ta cikin kwanakin nan, a yi hoto, a rage ruwan zoben. Kafin nan ta koma abinci mai ruwa-ruwa, ta daina cin komai sa'o'i 3 kafin kwanciya. Amai na makonni yana kuma ƙarar da bitamin B1, rashinsa kuwa yana taɓa jijiyoyi da ƙwaƙwalwa, don haka ta faɗa wa likita tun yaushe take yi.

In kuwa ta wayi gari ko yawunta ba ya wucewa, ko ciwon ciki mai tsanani, ko aman jini, ko zazzaɓi da ja da kumburi a wurin faifan, ba zancen jiran gobe. Ta nufi sashen gaggawa na babban asibiti mai likitocin tiyata, kamar Barau Dikko a nan cikin gari, ko asibitin koyarwa na Shika a Zariya, ta faɗa musu tun daga bakin ƙofa cewa akwai zobe a tumbinta. Kada ta yarda wani mai kemis ya soka mata allura a faifan. Allurarsa daban ce, ta yau da kullum tana yaga robar ya riƙa yoyo.

Mai gabatarwa: Allah ya sawwaƙe. Ga wani daga Kawo, shi kukansa daban. Ya ce shekara ta zagayo da yi masa aiki, ya bar nama da shinkafa don suna wahalar da shi, yana rayuwa kan fura da nono, kunun gyaɗa da shayi mai kauri, amma sikeli ya ƙi motsi.

Likita: Alhaji ya samo hanyar zagaye zoben bai sani ba. Zoben nan kamar mazurari yake, mai ruwa ya zarce, mai ƙarfi ya dakata. Fura da aka dama da sukari, kunu, zoɓo mai zaƙi, lemon kwalba, shayi da madarar gwangwani, duk suna wucewa ba su ƙosar da shi ba, ga su kuma cike da abin da ke sa ƙiba. Kuma ku lura, yawanci wanda ya gudu zuwa abin sha, zobensa ne ya matse har abinci na ƙwarai ya gagare shi. Sai ya je wurin likita yana cewa a ƙara matsewa, alhali sassautawa yake bukata don ya koma cin abin taunawa. Ramar da ake nema da zobe a hankali take zuwa, rabin kilo zuwa kilo 1 a mako, cikin shekara 2 ko fiye, kuma galibi mutum kan zubar da kusan rabin nauyin da ya yi masa yawa, ba duka ba. Ya haɗa da tafiya a ƙasa. Bayan asuba ya leƙa Murtala Square, zai tarar ba shi kaɗai ba ne.

Mai gabatarwa: Wata malamar makaranta daga Barnawa, ita an sa mata ranar aiki. Tana tambayar yadda makonnin farko suke, da yaushe za ta koma aji, da yadda za ta yi da salla.

Likita: Aikin kansa bai cika wuce sa'a 1 ba, ana sallama ranar ko washegari. Za ta iya jin ciwon kafaɗa, kada ta tsorata, iskar da aka hura cikin ce, tana wucewa cikin kwanaki. Ta tashi ta taka tun ranar farko saboda gudun daskarewar jini a ƙafa. In ƙwabrinta ɗaya ya kumbura yana ciwo, ko numfashi ya yi mata wuya, asibiti nan take. Kamar makonni 2 na farko ruwa-ruwa ne: romo da aka tace, madara, yogot mara sukari, a kurɓa kaɗan-kaɗan har a kai lita 1.5 a yini. Sai makonni 2 na abin da aka markaɗa, sannan mai laushi irin fate da alale da kifi. Ana ƙara ruwan farko a zoben bayan makonni 4 zuwa 6, kafin nan za ta iya jin yunwa, ba wai aikin ya lalace ba ne. Aji bayan mako 1 ko 2, amma ban da ɗaukar jarkar ruwa ko goyo har makonni 6. Ruku'u da sujada za su ja wurin faifan a kwanakin farko, ta yi a zaune har ta ji dama. In tana shan maganin suga ko na hawan jini, a sake auna mata tun kafin a sallame ta, don cin ya ragu suga na iya faɗuwa. Ta kuma nisanci ibuprofen da diclofenac, suna cin bangon tumbi.

Mai gabatarwa: Tambayoyi biyu a dunƙule, daga Rigasa da Badarawa: azumi da haihuwa.

Likita: Wanda bai daɗe da aiki ba, shawarata kada ya ɗauki azumi sai likitansa ya yarda, saboda ba ya iya kwankwaɗar ruwa da yawa a tashi ɗaya, ga zafin Kaduna. Hukuncin ramuwa ya tambayi malamai, Alƙur'ani ya yi wa mara lafiya rangwame a Suratul Baƙara. Wanda ya warware kuwa, haɗarinsa a buɗa baki yake, lokacin da yunwa ke sa gaggawa. Ya fara da ruwan ɗumi, ya je ya yi magariba, sannan ya zauna ya ci a tsanake. Dabino a cire ɓawon a tauna sosai. Haihuwa ana yi lafiya lau, sau da yawa ma rage ƙiba kan buɗe hanyar samun ciki ga wadda ta daɗe tana nema. Sai dai a jinkirta watanni 12 zuwa 18, in cikin ya samu kuma a sanar da masu awo, don in laulayi ya yi yawa ana zuƙe ruwan zoben.

Mai gabatarwa: Na ƙarshe daga wani ɗan kasuwa a Kasuwar Barci. Ya ce ya tara kuɗi, yana tunanin Masar ko Turkiyya, me za ka ce masa?

Likita: Ya fara tambayar kansa wa zai riƙa duba shi in ya dawo. A shekarar farko kaɗai ana zuwa gyaran ruwan zoben sau da dama, bibiyar kuma ba ta ƙarewa muddin zoben na jiki. In bai samu likita a nan gida da ya amince zai karɓe shi ba, kada ya sayi tikiti. Sannan ya sani zobe ya ja baya a duniya. Yanzu aikin da aka fi yi shi ne wanda ake cire kusan kashi 80 cikin 100 na tumbi, saboda an ga masu zobe da dama suna komawa tiyata bayan shekaru, ko ya zame, ko ya ci bangon tumbi ya shige ciki, ko bututun ya fashe. Falalar zobe ita ce ana iya cire shi, amma in an cire ba a yi wani abu ba, ƙibar kan dawo. Wancan kuma in an yanke an yanke. Ya sa a baje masa duka biyun a faifai. In ya tafi, kada ya hau jirgin dawowa sai da takarda a hannu mai ɗauke da sunan samfurin zoben, yawan ruwan da yake ɗauka, da mililita nawa aka zuba.

Mai gabatarwa: To Likita, mun gode, Allah ya saka da alheri. Masu tambaya kan zubewar gashi da sakin fata bayan rama, saƙonninku na nan a hannu, da su za mu buɗe shirin mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.