Daga yashe kwata zuwa ɗigon shan inna: hira kan aikin sa-kai

HADIZA: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da warhaka. Yau ina tare da Malam Bala da ƙanena Auwal. Auwal, kai ka kawo maganar, sai ka buɗe.

AUWAL: To Yaya. Ranar Asabar samarin layinmu suka fito yashe kwata tun damina ba ta kankama ba. Wannan ya zo da shebur, wancan da baro. Wata tsohuwa da ba ta iya ɗaga komai ta aiko mana da kunun tsamiya cikin bokiti. Kafin azahar ruwa ya samu hanya. Abin da ke damuna, Malam, daga ranar kowa ya kama gabansa.

MALAM BALA: Ai haka gayya take tun a gona, a yi aiki, a ci tuwo, a watse. Ƙungiya kuwa tana da ranar taro, da ma'aji, da littafi. Ka ɗauki Rotary. Wani lauya, Paul Harris, shi da abokansa uku suka fara ta a Shikago a 1905. Taron ma zagayawa suke yi ofis-ofis, daga nan sunan ya samo asali.

HADIZA: Amma Malam, mutanenmu kallon ƙungiyar manya suke mata, masu taro a otal.

MALAM BALA: Da gaskiyarsu, Hajiya, yawancin membobin 'yan kasuwa ne da likitoci da lauyoyi. Sai dai reshenta na farko a Najeriya a Kano aka kafa shi, a 1961. Kuma ɗan Afirka na farko da ya shugabance ta a duniya lauya ne mazaunin Kano, Jonathan Majiyagbe, a 2003.

AUWAL: Ba shekarar aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano ba?

MALAM BALA: Ita ce. Tun 1985 Rotary ta sa ƙafar wando ɗaya da cutar, tana tara kuɗi tana sayen magani. Sai ga jita-jita wai ɗigon yana hana haihuwa. Ba a dawo da rigakafin ba sai tsakiyar 2004, kuma kafin nan cutar ta tsallaka ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Magani na nan a ajiye, yarda ce babu. Sai da sarakuna da malamai da masu unguwanni suka sa baki.

HADIZA: Da mata, Malam, kada a manta da mata. Ni kaina na rataya akwatin sanyin nan na bi gida-gida. Ɗigo biyu a bakin yaro, a shafa masa tawada a ɗan ƙaramin yatsa, a rubuta da alli a jikin bango. Akwai gidan da sau uku ana cewa maigida ba ya nan. Rana ta huɗu muka tafi da wani bawan Allah da cutar ta shanye wa ƙafafu tun yana yaro. Daga kan kekensa ya yi sallama, ya ce wa maigidan, "Dube ni da kyau." Wallahi da kansa ya shiga ya fito da yara biyar.

AUWAL: Allahu Akbar.

MALAM BALA: Da irin wannan aka kai ga 2016, lokacin da aka ga na ƙarshe da ainihin ƙwayar cutar ta kama, a Borno. Ranar 25 ga Agusta 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Afirka ta rabu da ita.

AUWAL: To mu da ba mu da komai sai shebur, ta ina za mu fara?

MALAM BALA: Ku tsayar da rana ɗaya a wata. Ku zaɓi ma'ajin da unguwa ta shaida amanarsa, duk taro ya karanta abin da ya shigo da abin da ya fita. Sannan ku je wa mai unguwa da liman tun kafin ku fara. Wane aiki ne a gabanku?

AUWAL: Katangar maƙabarta. Ta zube ta gabas, awaki na shiga.

HADIZA: To ka rubuta sunana, buhun siminti biyu.