Aker: ƙauyen da ya fi birnin da ya haɗiye shi girma

Sani: To, mu koma kan gardamar nan da ta hana zaurenmu na WhatsApp barci tun shekaranjiya. Wai Oslo gona ce.

Bilki: Yaya Sani, ba haka aka ce ba fa.

Sani: Bari in kai aya mana. Aker ƙaramar hukuma ce ta karkara a ƙasar Norway, an kafa ta a 1838. Zobe ta yi wa birnin, lokacin ma Christiania ake ce masa, sai a 1925 aka mayar masa da sunan Oslo. Birni na tsakiya a matse, Aker kuwa gonaki ne da daji, ta ninka shi fiye da sau 20. Ran 1 ga Janairun 1948 aka haɗe su. Holmenkollen ɗin nan da ake gasar tsalle kan dusar ƙanƙara, da can ƙasar Aker ce.

Musa: Wato ɗan tsako ne ya haɗiye kaza.

Bilki: To sunan fa?

Sani: Nan nake zuwa. A tsohon harshensu "akr" na nufin gona. Wata tsohuwar gona ce mai wannan suna, a kanta aka gina coci na dutse tun ƙarni na 12. Yana nan tsaye, babu ginin da ya girme shi a Oslo. Ganuwar Akershus ma daga nan ta samo suna, haka kogin Akerselva.

Bilki: Tsaya, tsaya. Akr? Eka?

Sani: Kin ɗago! Tushensu ɗaya da kalmar "acre" ta Turawan Ingila, mu kuma a bakinsu muka tsinci "eka". Asalinta ma filin da shanun huɗa biyu za su iya nomewa a yini guda ne.

Musa: Ashe dillalin da ya sayar mini da fili, shanunsa azumi suke yi ran nan.

Bilki: Malam Musa, eka nawa ya ce maka?

Musa: Biyu. Da muka ja igiya, ko ɗaya da rabi ba ta cika ba.

Sani: Ramammun shanu kenan.

Musa: Ɗaya ma gurgu ne, wallahi.

Bilki: Ku dai! Yaya, ka ce za ka faɗi abin da ya sa aka haɗe su.

Sani: Birni ya rasa filin gina gidaje, shi ke nan. Kai, Musa, dillalin nan ya dawo maka da cikon kuɗinka kuwa?